Mai Gadin Hayaƙi

Matakala tamanin da ɗaya.
Shekara sha tara ina hawansu,
gwiwata ta fi ni sanin adadinsu.
A sama ɗakin gilashi ne:
taswira, rediyo, madubin hangen nesa,
da butar gahawa mai karyayyen hannu.

Aikina hayaƙi.
Ana biya na in zuba wa duwatsun Estrela ido,
in farin zare ya miƙe daga kurmi
in kira Manteigas in ce,
Deolinda ce, ga inda yake.

Yau tun rana tsaka iska ta ɗauke,
tsattsewa suka sauko ƙasa-ƙasa.
Sai ga hadari daga wajen Sifen,
baƙi wuluk kamar gindin tukunya.
Mutanen kwari cikinsa kawai suke gani,
ni ina ganin ƙafafunsa,
dogaye, masu launin toka,
ya taka wannan ƙauye, ya tsallake wancan.
Can ana gudu da shanya,
nan wata tana baza tata a rana.

Walƙiya.
Ɗaya, biyu, uku, har tara.
Tsawa. Kilomita uku ke nan.

Can ƙasa a gangare tumaki sun watsu
kamar shinkafar da ta zube a faranti,
da ɗigon baƙi mai sanda a tsakiyarsu.
Na san wannan tafiya, ɗingishin babanmu ne.
Amílcar, ƙanena.
Rabon da mu gaisa tun ranar rabon gona,
a kan bishiyar zaitun guda huɗu.

Walƙiya. Ɗaya, biy...
Itacen da ke bayansa ya tsage gida biyu.
Na ƙwala kiran sunansa,
gilashi ya maido min da muryata.

Daga nan girgije ya haɗiye hasumiya.
Ƙanƙara na dukan rufi, ƙarfe na kuka,
gashin hannuna ya mimmiƙe.
Mai ganin ƙauye goma sha biyu
ta kasa ganin matakalar farko.
Na riƙe butar, ban san dalili ba.

Da ya wuce, ya bar duniya a wanke,
ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya hauro har nan,
bakan gizo ya tsaya da ƙafa ɗaya.
Na ƙirga tumaki, arba'in da uku.
Na ƙirga kare.
Sai ɗigon ya fito daga ƙarƙashin dutse,
yana matse hularsa.
Ya ɗaga kai wajen hasumiya,
ko wajen sama, ban sani ba.

Na rubuta a littafi: ƙarfe huɗu, babu hayaƙi.
Amma na sa alama a kan itacen nan.
Wutar tsawa takan kwana uku a cikin saiwa
ba wanda ya sani.
Gobe zan duba. Jibi ma.
Ran Lahadi wataƙila in sauka
ta hanyar gangare, ko da ta fi nisa.