Shafin da Gara Ta Ci

Kakar bara waccan, a tsakar gidan Tasalla,
ni ke karatu, su suna ɓarar gyaɗa.
Littafin haya ne daga kasuwar Ringim,
bangon ya yage, an ɗinke da zaren buhu,
ganye ukun ƙarshe kuwa gara ta riga mu.

Sai kowacce ta saƙa nata ƙarshen.
Hansai ta ce Saude ta fanshi gonar ubanta.
Uwale ta ce ina, jirgin ƙasa ta hau ta ɓace.
Iya Barmani, da ba ta san bihim ba a boko,
ta rantse da furfurarta Mudi bai nutse ba,
wai ɗan masunta ruwa ba ya cin sa.

Ran nan Cindo mai cajin waya ya leƙo:
an yi fim ɗinku, ɗari biyu in tura.
Muka jingina wayar jikin ƙwarya,
kai goma sha ɗaya kan allo kamar tafin hannu.

Ga Saude ta fito fara sol,
ba wushirya, ba kaushi a dunduniya,
tana latsa mukullin mota.
Wace ce wannan? in ji Iya.
Tamu fa baƙa ce, mai tafiyar agwagwa,
ni na san muryarta, irin ta jikata ce.
Ina jakin? Ina kukar bakin rijiya?
Uwale ta ja tsaki har goyonta ya farka,
amma ba ta tashi ba.

Mudi kuwa ya nutse. A fim ɗin ya nutse,
cikin ruwa shuɗi mai tsani a gefe.
Babu wadda ta yi magana.
Ɓawon gyaɗa kaɗai ke ƙara ƙarƙashin ƙafa.

Yanzu kuma sun mai da shi wasan talabijin,
duk daren Lahadi, gidan Tanimu mai sola.
Sati talatin Saude na kuka a falo,
an ƙaro mata yaya daga Turai
wanda ko a shafi ɗaya ban gamu da shi ba.
Maza na musu a bakin masallaci
kan wa ya fi iya harara.
Mu ma muna zuwa, ba zan ɓoye ba,
da tabarmarmu, da zaginmu,
kowa ta riga kowa wuri.

Iya ce kaɗai ta daina.
Jiya ta aiko a kira ni da fitila,
ta ce ɗauko na asalin, mai zaren buhu,
karanta mini har inda gara ta tsaya.
Na karanta. Na kai bakin ramin.
Ta gyara zama, ta tofar da goro,
ta ce to, daga nan ni zan ci gaba:
sai Mudi ya ɗago kai a tsallaken kogi,
rigarsa jiƙe, yana dariya.