E ko A'a

Tun Litinin takardar ke kan teburin kicin,
gindin kofi ya yi mata zobe a gefe.
Aikin ba wani babba ba ne:
tsare fayil ɗin tsofaffin sojoji a Martinsburg,
sunayensu, ciwonsu, kuɗin fanshonsu.
Sai dai gwamnati ba ta miƙa makulli
sai ta leƙa ƙarƙashin gadon mutum.

Can cikin shafuka aka tambaya:
an taɓa kama ka?
Gurbi biyu, kowanne bai fi ƙwayar masara ba.

Shekara shida da wata huɗu.
Daren da muka binne yayana Harlan
na shanye abin da ya bari a kabad,
na ce motata ta san hanyar gida.
Ashe ba ta sani ba.
Shingen tsohuwa Opal Kesner ta afka wa,
katako goma sha ɗaya, bishiyar tuffa ɗaya,
da ƙaramin keken jikarta.
Ba wanda ya mutu.
Ba gwanintata ba ce, yarinyar ce ta yi barci da wuri.

Shuɗiyar fitila, busa cikin bututu,
kwana ɗaya a bayan kanta, tara,
lasisi ya tafi hutu ya bar ni da ƙafa.
Kowace Laraba, kujerun roba a ƙasan coci,
ina faɗa wa baƙi sunana
har suka daina zama baƙi.

Surukina Dewey ya ce, "Sa a'a mana, wa zai tono?"
Na ce ramin ƙarya ƙurarre ne,
amma sai da biron ya yi shawagi kan a'ar
fiye da yadda zan so in faɗa.

Mai binciken ta zo ranar Alhamis,
Yoakum, mai furfura da takalman gudu.
Ko gira ba ta ɗaga ba.
Sau nawa? Ɗaya.
Ka biya? Na biya.
Yaushe rabonka da kwalba?
Na ba ta ranar, har da sa'a.
Ta ce, "Ba waliyyi muke nema ba.
Mai ɓoyo shi ke ba mu tsoro,
don duk wanda ya san sirrinsa ya riƙe masa wuya."
Alkawari kuwa ba ta yi mini ba.

Daga baya na ji ta biya gidan Opal.
Tsohuwar ta nuna mata shingen da na sake kafawa,
ta ce a karkace yake,
amma Asabar uku na yi a kansa cikin ruwa.
Tuffar da na dasa, in ji ta, har yau ba ta yi 'ya'ya ba.

Mako na bakwai ke nan.
Akwatin wasiƙa, takardar kuɗin wuta, tallan taya.
Da yamma ina bi ta ƙofar Opal a hankali,
hannu biyu kan sitiyari.
Yarinyar ta girma, ta iya sakin hannu a keke.
Tana ɗago mini shi. Ba ta san ko ni wane ne ba.