Ɗinkin da Ba Nawa Ba

Kwana goma sha ɗaya inji na yi wa Ladidi numfashi.
Jininta kan fita baƙi ta makwancin cinya,
ya zaga cikin roba, ya sha iska, ya dawo ja wur.
Zuciyar kuwa an ce mata: huta, za a tashe ki.

Yau aka tashe ta.
Sun yi ta rage injin sannu-sannu
kamar mai janye itace daga murhu
tana kasa kunne ko tukunya za ta ci gaba da tafasa.
Ta ci gaba.

Likita Adunni, wadda ta tsinci Hausa a Gusau,
ta same ni a baranda, ruwan Legas na dukan kwano.
Ta ce, Malam, zare bututu ba shi ne aikin ba,
ramin da zai bari a jijiya,
kaurin ɗan yatsanka, shi ne.
In an tsuke ɗinkin, jini ba zai kai ƙafa ba.
In an sassauta, ya ɓalle.

Shekara ashirin da shida ina kan keke a Agege.
Na san yadin da ke gudun allura,
na san wanda ke yagewa in ka yi masa gadara.
Ban tambaye ta ko za ta rayu ba, bakina ya ƙi.
Na ce, da wane zare?

Ta ce shuɗi ne, bai kai gashin gira ba.
Na ce, ki bar masa gefe, kada ki ci baki.
Ta dube ni, ba ta yi dariya ba.

Aka rufe ƙofa.
Wuta ta ɗauke, janareta ya karɓa kafin in gama salati.
Can ƙasa 'yan danfo na ta kiran Oshodi, Oshodi,
kamar babu wanda ake ɗinkewa a duniya.
Yatsuna suka riƙa kai da komo a bakin rigata,
suna ƙirga ɗinkin da ba nawa ba.

Da aka shigar da ni,
wata nas ta danne ɗaya cinyar da tafin hannu,
idonta a kan agogo, kafaɗarta na rawa, ba ta ɗaga ba.
Likita ta ɗora wani ɗan ƙarfe a bayan ƙafar,
ɗaki ya cika da fuu, fuu, fuu.
Ta ce, ka ji? Hanya a buɗe take.

Na kama babban yatsan ƙafar Ladidi.
Akwai sauran lallen da aka sa mata kafin haihuwa.
Da ɗumi.

Ragon suna na nan ɗaure a gida, ya cinye dusar mako biyu.
Jaririya na wajen gwaggo, ana ce mata Baƙuwa.
Likita ta ce daren nan ma sai an yi tsaro,
kada ƙafar ta motsa, kada ƙyallen ya jiƙe.

Na ce to.
Na ja kujera kusa da ƙafar.