Mai Zuga

Ƙarfe biyu na dare a Samaru.
Tun bayan isha'i aka ɗauke wuta,
janareto na tari a bayan taga,
ni da firij da kwalabe muna gadin juna.

Shekaranjiya na leƙa ta madubin na'ura,
na same su a dunƙule kamar bushiya,
fararen ƙwayoyin jini, ƙanana,
masu barcin zomo, ido ɗaya a buɗe.
Ba ci, ba gini, ba hayaniya,
littafin gadonsu a naɗe cikin ciki,
shafi kaɗan ne kawai a buɗe,
shi ma a hankali ake karantawa.

Sai na ɗiga musu abin da ke kama da cuta.

Yau ga su sun kumbura sun ninka jiki,
suna shan sukari kamar ba gobe,
ɗaya ta tsage ta zama biyu a idona.
Wa ya tashe su? Wa ya ba da umarni?

Mik, in ji masana. Sunan ke nan,
gajere kamar kwanansa:
rabin sa'a, an rushe shi, an ƙera wani.
Shekara uku ina binsa da alƙalami,
na ɗauka magatakarda ne mai zaɓe,
ya ce wannan shafi a buɗe, wancan a rufe.
Jadawalin da ke gabana ya ƙi yarda.
Duk inda na duba, tsohon karatu ne,
murya ce kawai ta ƙaru.

Nan na tuna maƙerar Baba Tanimu
can bayan Ƙofar Kuyambana,
da yayana Lurwanu zaune dirshan,
zugazugi biyu tsakanin gwiwoyi,
zufa na bin haɓarsa.
Baba kan ce, ba tare da ya ɗago ba:
"Iska ba ta haihuwar wuta, yaro.
Inda garwashi ke da rai, nan take zuwa.
Gawayin da ya mutu, zuga shi har gobe,
toka kawai za ka sha."

Ashe shi ne.
Mik ba maƙeri ba ne, ɗan zuga ne.
Yana bin bakin kowane shafi buɗaɗɗe,
ya tarar da marubuci ya tsaya cak,
alƙalami a hannu, tawada na jira,
ya dafa kafaɗarsa: ci gaba.
Wanda ke rarrafe ya miƙe,
wanda ke tafiya ya sheƙa,
wanda ke rufe kuwa, ko kallo.

Haka kaluluwa ke fitowa a hammata
in ƙaya ta kwana a yatsa:
maƙera dubu ne aka zuga lokaci ɗaya.
Kwana huɗu, biyar, zafi ya sauka,
ɗan zuga ya ajiye fata ya tafi gida.

Amma na ga inda bai tafi ba.
A Shika, gado na biyu daga ƙofa,
wani yaro, Ishaƙa, daga wajen Giwa,
muƙamuƙinsa ya cika kamar ya ƙunshi goruba.
Uwarsa ta tambaye ni me ya ci.
Ta yaya zan ce mata ba ci ba ne,
hannu ne ya manne a kan zugazugi,
ƙarfe ya yi ja, ya yi fari, ya narke,
har yanzu ba a ce ya isa ba?

Ban ce komai ba. Na gyara masa zane.

Janareto ya shaƙe, ya dawo.
Na rubuta lamba a gefen takarda.
Daga nesa ladan na gwada lasifika,
yana hura ta, sau ɗaya, sau biyu,
kafin ya ce komai.