Ƙanƙara a Hanyar Dole

Biyar da rabi, hanyar Kasuwar Dole ta cushe.
Ina cikin tsohuwar fijo, ƙanƙara sha takwas a baya,
lulluɓe da buhu da garin katako,
kowace tana kuka ta ƙasan mota, ɗis, ɗis.
Kuɗina ne ke zuba a kwalta.

Gabana amalanken jaki da jarkoki,
gabansa kamyon albasa,
gaban kamyo kuwa sai Allah.
Mun jeru kamar haƙoran matsefi, muna jira.

Sai ga ta, fara fat, baƙin gilashi,
ta hau gefen da Tasalla ke tuyar ƙosai,
ta watsa wa kaskonta ƙasa,
ta cusa hanci tsakanina da jakin,
ba sallama, ba ko ɗaga hannu.
Wai shi sauri yake.
Mu hala shan iska muka fito.

Ɗaya ya ɓalle, goma suka bi.
'Yan kabu-kabu kamar ƙuda ya ga mangwaro,
layi ɗaya ya haifi uku,
ukun suka ci karo da masu fitowa daga Zango,
goshi da goshi, kamar raguna.
Ba gaba, ba baya.
Oda kawai, da ashar da bakin azumi.
Ɗan sanda ya busa usur har ya gaji,
ya koma gindin dogonyaro.

Can sai farar ta fara hayaƙi.
Ya fito, shadda na ƙyalli,
ya ɗaga murfin inji, tururi ya mare shi.
Ya duba hagu, ya duba dama,
ya ga abin da ke ɗiga ƙarƙashin motata.
"Baba, ko a taimaka da ruwa?"

Na tuna hancin nan.
Na tuna Tsahiru mai zoɓo yana jirana a tasha.
Na tara masa a roba, ribata ta yau,
ya ɗura wa injinsa.

Aka kira magariba muna nan.
Tasalla ta raba ƙosai mai tsakuwa,
na fasa ƙanƙara guda, kofi ya zaga,
shi ma ya sha, bai kalli idona ba.

Da hanya ta buɗe, shi ya fara wucewa.
Ni kuwa na hango 'yar kafa
tsakanin jaki da kamyo.
Na duba madubi.
Na cusa hanci.