Filinmu a Cikin Mayo

Idan ruwa ya janye daga Mayo Kaliyawo,
yashi ya bushe ya yi fari kamar garin gero,
nan ne filinmu.
Ba takarda, ba katanga.
Aro kogin yake ba mu,
da damina ya karɓi abinsa ba sallama.

Koci suke kirana,
ko da yake da safe faci nake yi a Domayo,
tafin hannuna baƙi ƙirin da taya.
La'asar sakaliya nake gangarowa da ƙwallo uku a buhu,
ɗaya ma sacewa take yi.

Da na fara, usur ne makamina.
Na busa, na busa, har jijiyar wuya ta miƙe,
Njidda na can yana ta sheƙa gudu,
ya wuce gola, ya wuce raga, ya doshi gada.
Na bi shi da faɗa.
Ya tsaya yana duban leɓena
kamar mai karanta allon da aka wanke.
Ranar na gane wane ne kurman a cikinmu.
Yanzu jan ƙyalle nake ɗagawa,
usur na rataye a wuya, ya koma ado.

Hamajoda bai taɓa ganin ƙwallo ba.
Muka sa ta a leda, muka ƙulle bakin,
tana tafe tana ƙwaramniya.
Sai kowa ya yi tsit, har masu haƙar yashi,
shi kuma ya karkata kai kamar mai sauraren gulma
ya ɗauke ta da hagu.
Ƙanwarsa Astajam na bayan raga
tana ƙwanƙwasa dutse a jikin ƙarfe:
nan, nan, nan.

Wanda ya fi ba ni ciwon kai Dairu ne,
mai ƙafa biyu, ido biyu, kunne biyu.
Da ya riƙe ƙwallo, shi ke nan,
ba ya gani, ba ya ji.

Sai Sali,
wanda mota ta raba da ƙafar dama a hanyar Mora.
Sanduna biyu, ƙirji kamar na ɗan kokawa,
in ya lilo a tsakaninsu ya narka shot
gola kan nemi tsari.
Doka ta ce sanda hannu ce.
Wata uku ina kau da kai:
in ta taɓa ƙwallo sai in dubi darbejiyar bakin gaɓa
in ce ban gani ba.

Wata Laraba, ana ɗaya da ɗaya,
ya tare ta da sanda a bakin raga, ƙiri-ƙiri.
Ban san sanda na ɗaga ƙyallen ba.
Fenariti.
Ya taso mini yana huci,
ya ce wallahi ni makaho ne.
Hamajoda daga can ya ce, "A'a, ku cire mu a ciki."
Dariya ta kayar da gola.

An ci su biyu da ɗaya.
Da magariba muna hawan gaɓa,
ni da buhuna, shi da sandunansa,
bai ce mini uffan ba sai a bakin titi.
Ya ce, "Koci, da ma kana gani?"
Na ce ina gani.
Ya ce, "To ka ci gaba da gani."

Jiya hadari ya haɗu ta wajen duwatsu.
Mun tuge ƙarafan raga, mun kai gidan su Astajam.
Kafin in hau na waiwaya:
sawu birjik a kan yashi,
na masu takalmi, na marasa takalmi,
da wani layi da ya ratsa tsakiyar fili,
ƙafa ɗaya, rami biyu,
ƙafa ɗaya, rami biyu,
har bakin raga.

Cikin dare na ji kogin ya iso.