Awon Ƙirji

Shagonmu kwantena ce a Aboabo,
ƙofa ɗaya, taga babu.
Keken ɗinki biyu, fanka mai ciwon wuya,
sai yayana Isaka da kwalin tabarsa.

Ni ban taɓa sa kara a baki ba.
Ko goro sai da salla.

Ran Talata masu asibiti suka kafa rumfa a Asawase.
Wata nas, Maame Serwaa,
ta miƙo mini 'yar na'ura mai bututu:
"Ja numfashi, riƙe,
sannan ka hura kamar mai hura koko."
Na hura. Tara ta fito.

"Kara nawa a rana?"
Na ce wallahi ko ɗaya.
Ba ta ƙaryata ni ba, biro kawai ta ajiye:
"To, wa ke sha maka?"

Ta ce cikin hayaƙi akwai wata iska,
ba launi, ba wari, ba sallama,
takan riga iskar kirki shiga jini
ta zauna daram,
kamar wanda ya riga ka kujera a trotro.

Sai Hamdiya ta ja mini riga: "Baba, ni ma."
Shekararta takwas.
Ƙarƙashin teburin yanka take aikin makaranta,
tana tsintar ƙyalle don 'yar tsanarta.
Ta cika kumatu, tana dariya, ta hura.
Bakwai.

Yaya zan faɗa wa Isaka?
Shi ya ɗauko ni daga Bawku da silifa ɗaya,
shi ya koya mini riƙon almakashi,
shi ya cika sadakina da kuɗi suka gaza.
Bakin da ya ci tuwon mutum nauyi gare shi.

A bangonmu muke rubuta awon jama'a da alli:
kafaɗa, hannu, ƙugu, tsawo.
Can ƙasa na rubuta sunanta,
na sa bakwai.

Kwana biyu bai kula ba.
Na uku, ashana a hannu, ya duƙa:
"Wane ƙirji ne inci bakwai?"
Na ce, ba da tef aka auna ba.

Ya daɗe a duƙe.

Yanzu idan ta motsa masa
yakan ɗauki benci ya tsallake kwata,
ko ana yayyafi.
Bai daina ba. Ban ce ya daina ba.
Lambar na nan, ya hana a goge.